Yadda Ake Tafiyar da Babban Aiki Har a Kammala Shi: Darussa Ga 'Yan Kasuwar Yola da Jimeta

YOLA: A shekarar 2011, kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ibrahim Bunu ya miƙa rahotonsa, inda ya bayyana cewa akwai ayyuka 11,886 na Gwamnatin Tarayya da aka fara ba a kammala ba a faɗin ƙasar nan, kuma ana bukatar kimanin naira tiriliyan 7.78 kafin a ƙarasa su. Babu wani kwamiti da ke ƙidaya irin waɗannan ayyuka na 'yan kasuwa masu zaman kansu, amma duk wanda ya saba bin hanyar Numan ko hanyar Mubi ya san kangon ginin da aka kai linta aka bari, da gidan man da aka binne tankunansa ba a taɓa sayar da ko lita ɗaya ba.

Bambancin kawai shi ne, idan aikin gwamnati ya tsaya, asarar takan bazu a kan jama'a baki ɗaya, amma idan na ɗan kasuwa ya tsaya, jarinsa ne ya nutse a cikin bulo da siminti, banki kuma ba ya daina lissafin kuɗin ruwa don an daina aiki. Saboda haka ne masana harkokin kasuwanci suka ware wani fanni na musamman na tsara aiki da lura da shi tun daga ranar da aka yi tunaninsa har ranar da aka miƙa mabuɗi. Wannan bayani zai duba tushen fannin, tare da misalai daga ayyukan da mutanen Jihar Adamawa suka sani.

Mene ne aiki mai wa'adi?

Harkokin kowane kamfani iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, watau saye da sayarwa, biyan albashi, cika sito da kaya da karɓar bashi. Waɗannan ba su da ranar ƙarewa, kuma ma'aikata sukan ƙware a kansu saboda maimaici. Akwai kuma aikin da ake yi sau ɗaya, mai ranar farawa da ranar gamawa, mai kasafin kuɗinsa na kansa, wanda idan ya ƙare yakan bar wani abu da a da babu shi. Gina sito a Kofare, kafa injin casar shinkafa, buɗe reshe a Mubi ko Ganye, haƙa rijiyar burtsatse a gona, ko mai da lissafin kamfani daga littafi zuwa kwamfuta, duk suna cikin wannan rukuni na biyu.

Haɗarin irin wannan aiki shi ne mai shi bai saba da shi ba. Attajirin da ya shekara 30 yana fataucin hatsi ya san kasuwarsa ciki da waje, amma wataƙila sau ɗaya kawai zai gina masana'anta a rayuwarsa, kuma da kuɗinsa zai koyi darasin.

Kowane aiki mai wa'adi yana tsaye ne a kan abubuwa uku: iyakar abin da za a yi, lokacin da za a ɗauka, da kuɗin da za a kashe. Ukun nan a ɗaure suke da juna. Wanda ya ƙara wa gini hawa ɗaya ya ƙara kuɗi da lokaci ke nan, ko ya yarda ko bai yarda ba. Wanda ya matsa a gama da wuri sai ya ƙara ma'aikata ya biya aikin dare. Wanda kuma ya ce sai an yi duka, da sauri, da araha, to ingancin aikin ne zai biya bashin, domin magina za su rage siminti a kwaɓi su rage kaurin rodi ba tare da sun gaya masa ba.

Mataki na farko: binciken yiwuwar aiki

Kafin a haƙa harsashi, wajibi ne a amsa tambayoyi a rubuce. Wa zai sayi abin da za a samar, kuma a kan nawa? Daga ina ɗanyen kaya zai riƙa zuwa, kuma wata nawa a shekara ake samunsa? Ruwa da wutar lantarki fa? Shekara nawa za a yi kafin jari ya dawo? Binciken da aka yi da gaskiya yana iya ƙarewa da shawarar a fasa aikin, kuma wannan ma riba ce, tun da da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tarihin Kamfanin Sukari na Savannah da ke Numan ya nuna yadda babban aiki yake da rassa masu dogaro da juna. An kafa kamfanin a 1971, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da Hukumar Raya Ƙasashe Renon Ingila mai hedkwata a Landan, wadda aka ɗora wa alhakin gudanarwa. Injin matsar rake ba shi da amfani sai da rake, kuma rake yakan ɗauki kusan shekara guda kafin ya nuna. A yankin da damina ba ta wuce wata biyar zuwa shida ba, rake ba zai yi ba sai da ban ruwa, ban ruwan dubban kadada kuwa sai da madatsar ruwa da magudanai. Bugu da ƙari, raken da aka sare dole ne ya isa inji cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba zaƙinsa ya ragu, don haka sai da hanyoyi da taraktoci da motocin ɗaukar kaya. Watau abin da ake kira aiki ɗaya, a zahiri ayyuka huɗu ne ko biyar.

Masana'antar ta fara aiki a 1980, madatsar ruwa ta Kiri da ke kan Kogin Gongola, wadda aka gina domin shayar da gonakin raken, aka kammala ta a 1982. Tsawon madatsar ya kai kilomita 1.2, tsayinta mita 20, kuma tafkin da ta tara ya tashi dubban mutane daga ƙauyukansu da gonakinsu. An tsara injin ne domin ya samar da tan 50,000 na sukari a shekara, amma a zamanin da kamfanin yake hannun gwamnati abin da ya riƙa samarwa ya yi ƙasa da haka ƙwarai, har ya durƙushe, aka sayar da shi ga Kamfanin Dangote a cinikin da aka kammala a 2003.

Darasin da ke nan ga mai ƙaramin jari shi ne, girman inji ba shi ne ma'aunin abin da masana'anta za ta samar ba. Reshen da ya fi kowane rauni shi ne ma'auni. Mai niyyar kafa injin shinkafa a Jimeta ya fara lissafa buhu nawa na shanshera zai iya samu daga fadamun Geriyo da bakin Binuwai a kaka da bayan girbin rani, da kuɗin da zai saye su ya ajiye, kafin ya yanke shawarar girman injin da zai yi oda.

Mataki na biyu: rubuta iyakar aiki

Bayan an tabbatar aikin mai yiwuwa ne, sai a rubuta abin da za a yi dalla-dalla, haka kuma abin da ba za a yi ba. Daga nan sai a rarraba aikin gida-gida har a kai ga ƙananan sassan da kowanensu za a iya ƙiyasta kuɗinsa da kwanakinsa, a kuma ɗora shi a wuyan mutum ɗaya. Maimakon a rubuta "gina sito" kawai, sai a rubuta share fili, haƙa harsashi, zuba daɓe, jera bulo, ɗaura rodi da zuba linta, rufi, ƙofofi, wayoyin lantarki, magudanar ruwa da katanga. Abin da ba a rubuta ba ba zai shiga ƙiyasi ba, amma dole a biya kuɗinsa idan ranarsa ta zo.

Babbar cutar da ke kashe ayyuka a wannan mataki ita ce ƙare-ƙaren da ake yi bayan an fara. Mai gida ya zo duba aiki ya ce a ƙara ofis a nan, a faɗaɗa ƙofa a can, a mai da rufin kwano ya zama na kankare. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma idan aka tara su sai a tarar sun cinye kuɗin da aka ware wa rufi.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga wannan ba. Lokacin da aka sanar da shirin gina matatar mai ta Dangote a 2013, an yi maganar dala biliyan 9 da ganga 400,000 a rana, ana sa ran gamawa cikin 'yan shekaru. Daga baya aka sauya wurin ginin daga Olokola zuwa Lekki, aka ɗaga ƙarfinta zuwa ganga 650,000. An ƙaddamar da ita a watan Mayu na 2023, ta fara fitar da mai a farkon 2024, bayan an kashe kusan dala biliyan 20. A ƙasar Ostareliya kuma, shahararren gidan wasannin birnin Sidni an fara gina shi a 1959 tun ba a gama zanensa ba. An ƙiyasta dalar ƙasar miliyan 7, aka ƙare da miliyan 102, kuma sai a 1973 aka buɗe shi, shekara 10 bayan wa'adin farko.

Ba a hana canji, domin wani lokaci canjin shi ne daidai. Ƙa'idar ita ce duk canjin da za a yi a rubuta shi, a lissafa kuɗin da kwanakin da zai ƙara, mai aiki da ɗan kwangila su sa hannu, sa'an nan a aiwatar.

Mataki na uku: jadawali da sarƙar da ta fi tsawo

Mutanen Jimeta sun daɗe da sanin aikin wa'adi. A zamanin da Kamfanin Neja da sauran kamfanonin Turawa suke fataucin gyaɗa da auduga da fatu ta ruwa, manyan jirage ba sa iya hawowa Kogin Binuwai sai a 'yan watannin da ruwa ya cika a tsakiyar damina. Wanda kayansa ba su isa bakin kogi a kan kari ba sai ya jira wata shekara. Har yau yanayi yana yanke wa ayyuka wa'adi a wannan yanki, ko da yake tireloli sun maye gurbin jirage.

Hanyoyin tsara lokaci na zamani sun samo asali ne daga masana'antun Amurka. A shekarun 1910 wani injiniya mai suna Henry Gantt ya yaɗa jadawalin da ake jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a ja wa kowane layi gwargwadon kwanakinsa. A 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da dabarar gano jerin ayyukan da ke riƙe da ranar gamawa, a 1958 kuma rundunar sojan ruwa ta Amurka ta yi amfani da makamanciyarta wajen ƙera makamai masu linzami na Polaris. A yau akwai manhajojin kwamfuta masu yin wannan lissafi, amma takarda da fensir sun isa ga aikin da bai wuce sassa 30 ko 40 ba.

Ga misali domin a fahimci dabarar. Mu ɗauka wani ɗan kasuwa yana son injin casar shinkafarsa ya fara aiki a farkon Nuwamba, lokacin da sabuwar shinkafa ke shigowa kasuwa. Mu ce takardun fili da izinin gini za su ci mako 6, ginin rumfar inji kuma mako 12, jimla mako 18. A ɗaya ɓangaren, cika takardun shigo da kaya da biyan kuɗi ta banki mako 3, ƙera injin da kawo shi ta teku mako 12, fito da shi daga tashar jiragen ruwa ta Ikko mako 4, ɗauko shi a tirela zuwa Yola mako 2, jimla mako 21. Ba za a ɗaura inji ba sai gini ya kammala kuma injin ya iso. Ɗaurawa za ta ci mako 4, gwaji mako 2.

Idan aka tafiyar da ɓangarorin biyu a lokaci guda, aikin zai ɗauki mako 27, watau 21 da 4 da 2. Sarƙar inji ita ce mafi tsawo, don haka kwana ɗaya da aka yi asara a tashar jiragen ruwa kwana ɗaya ne aka ƙara wa aikin baki ɗaya. Sarƙar gini kuwa tana da rarar mako 3, ko birkila ya makara da mako biyu ba abin da zai sauya. Amma idan mai aikin ya bi al'adar da aka saba, ya ce sai ya ga gini ya tsaya kafin ya yi odar inji, lissafin zai koma 18 da 21 da 6, watau mako 45. Bambancin mako 18 ya isa ya sa kaka ta wuce, farashin shanshera ya tashi, inji kuma yana zaune. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Har ila yau akwai abin lura. Idan aka ƙidaya mako 27 baya daga farkon Nuwamba, za a faɗo ƙarshen Afrilu, wanda ke nufin ginin zai faɗa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da ruwan sama ke cika ramin harsashi, yashi ya yi tsada saboda kogi ya rufe wuraren ɗibarsa, motoci kuma su riƙa kafewa. Mai hangen nesa sai ya fara neman takardu a Janairu, ya yi gini daga tsakiyar Fabrairu, ya rufe kafin ruwa ya zauna, yana mai tanadin isasshen ruwan shayar da kankare saboda zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. Haka nan a sa azumi da bukukuwan Sallah da Kirsimeti a cikin jadawali, da lokacin shuka da girbi da leburori kan koma gona.

Mataki na huɗu: kasafi da bin sawun kuɗi

Ƙiyasin kuɗi yana fitowa ne daga jerin ƙananan sassan da aka rubuta a mataki na biyu. A aikin gini, masanin ƙiyasi yakan lissafa buhunan siminti, tan na rodi, tifa na yashi da tsakuwa da ladan ma'aikata, kuma kuɗin da za a biya shi kaɗan ne idan aka gwada da asarar da yake hanawa. A kan jimlar sai a ɗora wani kaso, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, domin abin da ba a zata ba. Sa'an nan a ware jarin juyawa daban. Masana'antu da dama sun kammala gini sun ɗaura inji, amma ba su bar kuɗin sayen ɗanyen kaya da man janareta da albashin watannin farko ba.

A Nijeriya, darajar naira tana cikin manyan abubuwan da ke rushe kasafi. A farkon 1986 naira ɗaya tana kusan daidai da dala ɗaya, amma da aka buɗe kasuwar canji ta biyu a watan Satumba na shekarar, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, sai dala ta koma wajen naira 4. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100. A watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 750 cikin 'yan kwanaki, a Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Wanda ya yi ƙiyasin injin waje a farkon 2023 ya jinkirta biya da shekara guda, ya tarar kuɗin ya ninka sau uku. Saboda haka duk abin da za a saya da kuɗin waje shi ya kamata a fara biya da zarar kuɗi sun samu, kayan da ba sa lalacewa kamar rodi da kwanon rufi kuma a saye su da wuri. Siminti ne kawai ba a tara shi da yawa, domin yana daskarewa idan ya daɗe, musamman da damina.

Wajen bin sawun kuɗi, kuskuren da aka fi yi shi ne gwada abin da aka kashe da abin da aka ware kawai. Abin da ya kamata a gwada shi ne abin da aka kashe da aikin da ke ƙasa. Mu ce kasafin aiki naira miliyan 100 ne, an kashe miliyan 60, amma da aka auna sai aka ga kashi 40 cikin 100 na aikin aka yi. Ma'ana an biya miliyan 60 a kan aikin miliyan 40, kowace naira ta haifar da aikin kwabo 67 ke nan. Idan aka ci gaba a haka, aikin zai ƙare a kan miliyan 150. Mai aikin da ya gano wannan a wata na huɗu yana da damar neman ƙarin jari, ko rage iyakar aiki, ko sauya ɗan kwangila. Wanda bai gano ba sai ranar da asusu ya ƙare, shi ne mai kangon da ake gani a bakin hanya.

Mataki na biyar: tanadi domin haɗari

Kowane aiki yana bukatar takarda guda da aka jera abubuwan da za su iya ɓata shi, da ƙarfin yiwuwar kowane, da girman ɓarnarsa, da matakin da za a ɗauka, da sunan wanda zai lura da shi.

A kwarin Binuwai, ambaliya ce a kan gaba. Ƙasar Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a kusa da Garwa a 1982. A ɓangaren Nijeriya an tsara gina wata madatsa a Dasin Hausa, cikin Ƙaramar Hukumar Fufore ta yanzu, wadda za ta riƙa tare ruwan da aka sako, ta kuma ba da lantarki da ruwan noman rani. An shafe fiye da shekara 40 ana maganarta ba a gina ba. A 2012, da ruwan sama mai yawa ya haɗu da sakin ruwan Lagdo, ambaliya ta kashe mutum 363 a ƙasar nan ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Ɗan kasuwa ba shi da ikon gina madatsa, amma yana da ikon tambayar dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a waɗannan shekaru biyu kafin ya sayi fili, ya ɗaga daɓen sitonsa sama da wannan alama, ya kuma yi inshora.

Sauran haɗurran sun haɗa da nisa, tun da jirgin ƙasa bai iso Yola ba, kuma duk wani ƙarfen inji da ya karye sai an nemo shi daga Kano ko Ikko. Maganin wannan shi ne a sa kayan gyara na shekara guda a cikin odar farko. Akwai wutar lantarki, wadda ke bukatar a fara maganar taransifoma da kamfanin rarraba wuta tun da wuri, a kuma yi tanadin janareta ko na'urar hasken rana. Akwai kuma takardun hukuma: shaidar mallakar fili bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, izinin hukumar tsara birane, rajistar NAFDAC ga masu sarrafa abinci da abin sha, da nazarin tasirin aiki ga muhalli wanda Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka. Daɗin daɗawa, a zauna da mai unguwa da hakimi da maƙwabta tun kafin a kawo tifar farko, domin rikicin iyaka ko na hanyar shanu yana iya tsai da aiki fiye da yadda rashin kuɗi zai yi.

Jagora, yarjejeniya da rahoto

Aiki yana bukatar mutum ɗaya da za a tambaya idan ya tsaya. A kamfanonin iyali, inda uba da ƙane da babban ɗa kowa ke ba magina umarni, ba a sanin wanda ya yi kuskure. Mai jari ya naɗa jagoran aiki, ya rubuta masa iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da neman izini ba, ya kuma raba mai sayen kaya da mai karɓarsu a sito da mai biyan kuɗi. Wannan ba zargi ba ne ga kowa, kariya ce ga mai gaskiya.

Yarjejeniya da ɗan kwangila ta zama a rubuce, ko da ɗan'uwa ne ko aminin shekara da shekaru. A bayyana aikin, da wa'adi, da tarar jinkiri, da yadda za a yi idan farashin kaya ya tashi. Biya ya riƙa bin aikin da aka auna: kaso kaza bayan harsashi, kaso kaza bayan linta, kaso kaza bayan rufi. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100 a lokacin da aka kafa ta, kuma ta ce sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Dokar ba ta hau kan 'yan kasuwa masu zaman kansu ba, amma hikimarta ta shafe su, domin wanda ya karɓi rabin kuɗi tun bai kawo shebur ba ya rage ɗokin dawowa. Bisa al'adar aikin gini kuma akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangila har wata shida bayan miƙa aiki, domin gyaran abin da ya ɓaci.

Sai kuma zaman mako-mako a wurin aikin, wanda bai kamata ya wuce rabin sa'a ba. Tambayoyinsa huɗu ne: me aka ce za a yi a makon jiya, me aka yi, me ya hana, me za a yi a mako mai zuwa. A rubuta amsoshin a shafi ɗaya, a haɗa da hotuna. Jagoran da ma'aikatansa ke tsoron kawo masa mummunan labari shi ne na ƙarshe da zai san aikinsa ya lalace.

Rufe aiki

Aiki bai ƙare ba sai abin da aka gina ya fara yin abin da aka gina shi dominsa. An kammala madatsar Dadin Kowa da ke Jihar Gombe, a kan wannan Kogin Gongola, tun a shekarun 1980, amma sai bayan fiye da shekara 30 injinan lantarkinta masu ƙarfin megawat 40 suka fara ba da wuta. A duk tsawon wannan lokaci ruwa yana nan a tare, jarin da aka zuba kuma bai ba da lantarkin da aka yi niyya ba.

Saboda haka kafin a sallami ɗan kwangila da injiniyan da ya ɗaura inji, a gwada injin da cikakken lodi na kwanaki a jere. A tabbatar an koya wa ma'aikata biyu ko uku sarrafa shi da ƙananan gyare-gyare. A karɓi zanen gini da na wayoyin lantarki, da littafin inji, da takardun garanti, da duk rasit, a adana su wuri guda. A ƙarshe jagoran aiki ya rubuta shafi biyu yana gwada kwanakin da aka ƙiyasta da waɗanda aka ci, kuɗin da aka ware da waɗanda aka kashe, da dalilin kowane bambanci. Da wannan takarda za a fara lissafi ranar da kamfanin ya tashi buɗe reshensa na gaba.